Hankalin Ɗan Ƙodago Amana Ne A Wuyan Maigida

 

Babu wanda ya tashi a ƙasar Jega, tun daga Gehuru da Alelu har zuwa Maiyama, da bai san sunan da Aliero ta yi wajen ɗori ba. Idan ɗan dako ya zamo daga kan tirela yana lodin albasa ƙafarsa ta karye, ba a tsayawa shawara, sai a kinkime shi a kai shi wurin masu ɗori ko asibiti, kuma wanda ya ɗauke shi aikin ya san in bai sa hannu aljihu ba bakin kasuwa ba zai bar shi ba. Wannan al'ada ce kyakkyawa, Shari'a kuma ta ƙarfafe ta. Sai dai akwai wata karaya da take samun masu aiki a ƙarƙashin wani, wadda ba ta kumbura, ba ta zubar da jini, saboda haka babu mai jin nauyinta. Yaron shago da aka sani da fara'a sai a ga ya ɗauke wuta, barci ya ƙaurace masa, lissafin da yake yi da ka ya fara kuɓuce masa, hannunsa na rawa da zarar ya ji muryar maigida. Sai a ce ya lalace, ko an yi masa asiri, ko iska ta taɓa shi, a sallame shi ya koma wurin iyayensa a ƙauye, a ɗauko wani. Tambayar da ya kamata a fara da ita kuwa ba a yin ta, watau mene ne a cikin aikin nan, da kuma halin mai aikin nan, ya kai wannan bawan Allah ga wannan hali?

Abin da muke son tabbatarwa a wannan wata shi ne, duk wanda ya ɗauki mutum aiki ya ɗauki amanar hankalinsa kamar yadda ya ɗauki amanar gaɓoɓinsa, kuma cutar da shi ta wannan fuska zalunci ne wanda za a tambaya a kansa.

Malaman usulu sun ƙidaya abubuwa biyar waɗanda Shari'a ta zo domin kiyaye su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Imamul Gazali, wanda ya rasu a hijira ta 505, ya shimfiɗa wannan a cikin Al-Mustasfa, Imamu Shaɗibi kuma, wanda ya rasu a hijira ta 790, ya faɗaɗa shi a cikin Al-Muwafaƙat. To amma a majalisunmu na wa'azi, da zarar an ambaci kiyaye hankali sai magana ta tsaya a kan haramcin giya da ƙwaya, kamar dai babu mai ɓata hankali sai mai shi. Alhali kuwa idan an hana mutum ya gusar da hankalin kansa da hannunsa, to hana shi ya gusar da na waninsa ta hanyar wahalarwa da wulaƙanci ya fi cancanta. Kuma kada wani ya ce wannan magana ce da aka kwaso daga Turai jiya jiya. Abu Zaidin Al-Balkhi, wanda ya rasu a hijira ta 322, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, ya keɓe rabin littafin ga cututtukan rai, kamar fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, har ya bambanta baƙin cikin da aka san sababinsa da wanda yake zo wa mutum ba tare da wani sababi bayyananne ba, ya nuna cewa na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. Magabata sun ɗauki wannan a matsayin ciwo, mu ne muka mayar da shi abin kunya ko abin dariya.

Masana na zamani sun auna girman abin da ƙididdiga. A watan Satumba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙodago ta Duniya sun bayyana cewa kimanin kwanakin aiki biliyan 12 ake asara kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba, kuma kashi 15 cikin ɗari na manya masu shekarun aiki suna ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa a 2019. Kafin wannan, a 2021, hukumomin biyu sun ce mutum 745,000 suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako. Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka riƙe wannan adadi na awa 55, sa'an nan ka yi lissafin yaron da yake buɗe shago ƙarfe takwas na safe ya rufe ƙarfe takwas na dare, kwana bakwai a mako. Awa 84 ke nan, ban da aiken gidan maigida.

Mu dawo gida. Ma'aikacin ƙasarmu da wuya ya kasance mai ofis da teburi. Shi ne yaron shago a kasuwar Jega, da leburan da yake dasa albasa da ban ruwa a fadamun Aliero, da mai yankan shinkafa a bakin Gulbin Zamfara, da yaron mota, da ɗan kabu-kabu mai kawo balas kullum, da mai gadi, da yarinyar da aka kawo aikatau, da malamin makaranta mai zaman kanta. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa ya bunƙasa a jihar, injinan casa suka yawaita, aka ƙara buƙatar hannu. An yi ta maganar buhuna da tan-tan, ba a ji an yi maganar halin masu ɗaukar buhunan ba.

Babbar ƙofar da cuta take shigowa ta cikinta, a ganinmu, ita ce rashin yarjejeniya. Uba ya kawo ɗansa wurin Alhaji ya ce ga yaronka nan, Alhaji ya ce Allah ya yi albarka, shi ke nan an gama. Ba a ambaci lada ba, ba a ambaci shekarun da zai yi ba, ba a ambaci abin da za a sallame shi da shi ba. Ana ganin ambaton waɗannan rashin kunya ne, alhali kuwa su ne sharaɗin ingancin ijara. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ko Askari a zaure ya san cewa malaman Malikiyya sun jera ijara kusa da ciniki, sun sharɗanta sanin lada da sanin aiki ko wa'adinsa, domin jahiltar waɗannan garari ne, garari kuwa yana ɓata ƙulla yarjejeniya. Hikimar wannan hukunci ba ta tsaya ga dukiya ba. Mutumin da bai san abin da yake yi wa aiki ba, kuma bai san ranar da zai tsaya da ƙafarsa ba, kullum zuciyarsa a rataye take. Shekara biyar ta wuce, takwas ta wuce, sa'o'insa sun yi aure, shi kuwa yana jiran ranar da Alhaji zai tuna da shi. Ba ya iya tambaya don kada a ce ya yi butulci, ba ya iya tafiya don kada shekarun da ya zuba su tafi a banza. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da gane cewa nauyin aiki mai yawa tare da rashin ikon cewa komai a kansa, da kuma wahala wadda sakamakonta bai kai ta ba, suna daga cikin manyan abubuwan da suke haifar wa ma'aikaci ciwon damuwa. To yaron shagon da muka siffanta ya haɗa duka biyun. Sau da yawa kuma, ranar da ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki, ranar ce za a tuna cewa an taɓa rasa wasu kuɗi a aljihun teburi shekara uku da suka wuce.

Wannan ya kawo mu ga tuhuma da ɗora asara. Ya zama ruwan dare cewa duk abin da ya ɓace ko ya lalace, a kan yaro yake. Albasa ta ruɓe a rumbu saboda zafi, a ce sakacinsa ne. Wani ya karɓi kaya bashi da iznin maigida ya gudu, a cire daga haƙƙin yaro. Fiƙihu bai yarda da wannan ba. Wanda aka ɗauka aiki shi kaɗai, yana ƙarƙashin umurnin maigidansa, amintacce ne, ba ya lamunin abin da ya salwanta a hannunsa face in an tabbatar ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, in ban da wasu mas'aloli da malamai suka keɓe, kamar masu sana'a da suke karɓar aikin jama'a. Dokar ƙodago ta ƙasa ma ta hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa, kuma ba ta yarda a yanke masa kuɗin ɓarna ba sai an tabbatar da gangancinsa ko sakacinsa, tare da rubutaccen iznin jami'in ƙodago. Amma mu duba abin ta fuskar zuciya. Yaro ɗan mutunci, a kira shi ɓarawo a gaban masu ciniki, ko a ɗauko Alƙur'ani a ce ya dafa, ko a kai shi wurin boka a yi masa duba, ko a sa 'yan banga su ɗaure shi. Ko da gaskiya ta bayyana daga baya, sunan ya riga ya bi shi har ƙauyensu. Mutum nawa ne wannan tabo ya hana su barci shekara da shekaru? Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, kuma ya ba da labari, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa a duk tsawon wannan zamani bai taɓa jin kalmar ƙosawa ko zargi daga gare shi ba. Mu kuwa akwai daga cikinmu wanda yake sahun farko a masallaci, amma yaronsa bai taɓa jin sunansa na yanka daga bakinsa ba, sai jaki da ɗan iska.

Jinkirta biyan lada ba ya buƙatar dogon bayani, don kowa ya san haramcinsa ga mai hali. Abin lura kawai shi ne leburan da ya wuni cikin taɓo aka ce ya dawo ranar kasuwa, shi ne zai shiga gida hannu rabbana, ya fuskanci mai ɗakinsa da 'ya'yansa da mai shagon unguwa da yake binsa bashi. Rigingimun aure da yawa da ake kawowa gaban malamai da alƙalai, in aka bi salsalarsu, daga aljihun wani maigida suka taso.

Sai maganar ƙwaya, wadda muke yawan yi wa wa'azi ta gefe ɗaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da aka auna, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa magungunan kashe zafin ciwo ne irin su tiramadol da kodin. Gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018. Shaye-shaye haramun ne, mai yinsa kuma yana da alhakinsa, wannan babu jayayya. To amma ba kowane mai haɗiyar tiramol ne ya fara don nishaɗi ba. Da yawa sun fara ne don jiki ya ɗauki abin da ba zai iya ɗauka ba: ɗan dako ya sauke mota biyu a rana, direba ya tashi daga Jega da lodi ya kwana yana tuƙi zuwa kudu ya juyo ba hutu, ɗan kabu-kabu ya cika balas bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mai ya ninka. Maigidan da ya yanka wa yaronsa aikin da ya san ba ya yiwuwa sai da ƙwaya, sa'an nan ya kau da kai, ya yi tarayya a cikin laifin. Hadisin Abu Zarri, wanda Buhari da Muslim suka fitar, ya hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma wajabta taimaka masa idan an ɗora. Ita kuma ƙwayar, bayan ɗan lokaci, tana kawo farfaɗiya da rikicewar tunani da ƙuncin rai mai tsanani idan aka rasa ta. A lokacin ne maigida zai ce shi ba ya zama da ɗan ƙwaya.

Akwai kuma firgici. Ranar 17 ga watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai tare da wasu malamansu. Waɗannan malamai a bakin aikinsu abin ya same su. Haka direban da aka tare a hanya ya ga an harbe yaron motarsa, ko mai gadin da aka ɗaure aka yi fashi a gabansa. Irin waɗannan sukan yi watanni suna ganin abin a mafarki, suna zabura da ƙarar ƙofa. Ce wa irin wannan mutum ya tashi ya koma hanyar da abin ya faru bayan kwana biyu, ko kuwa a ba wani motar, rashin tausayi ne, ko da an lulluɓe shi da kalmar tawakkali.

Mene ne dokar ƙasa ta ce? Da yawa daga cikin masu ɗaukar ma'aikata ba su sani ba, ma'aikatan kuwa ba a magana. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa, ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa ƙarara a sashe na 8. Ta ce ma'aikaci yana da haƙƙin diyya idan damuwar ta biyo bayan wani mummunan abu da ya auku ba zato a cikin aiki, ko kuma likita amintacce ya tabbatar cewa yanayin aikin ne ya haifar da ita, haka nan idan maigida ya sauya aikin ta yadda ya zarce ƙarfin ma'aikaci ba bisa adalci ba. Abin mamaki ga wanda bai karanta ba shi ne faɗin ma'anar ma'aikaci a wannan doka: ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba. Maigida ne yake zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun, ba a cire shi daga ma'aikaci. Dokar ƙodago kuma ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika, da hutun awa ɗaya ga wanda yake aikin awa shida ko fiye, da yini guda na hutu a kowane kwana bakwai, da kwana 12 na jinya a shekara tare da biya. Sa'an nan a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta hana a kori mutum daga aiki don kawai yana da wannan lalura ko ya taɓa yin ta.

A takarda ke nan. A zahiri kuwa jami'in ƙodago ba ya zuwa fadama, kuma ɗan dakon Maiyama ba zai ɗauki lauya ba. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024, wanda gwamnatin Kebbi ta ɗaga zuwa 75,000 ga ma'aikatanta a watan Oktoba na 2024, bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau kusan duk masu shago da gona a yankinmu. A wasu ƙasashe kotu takan kai ga manya: a Faransa, a watan Disamba na 2019, an hukunta tsofaffin shugabannin babban kamfanin tarho na ƙasar saboda tsarin matsin lamba da suka shimfiɗa, bayan ma'aikata da dama sun kashe kansu. Mu ba mu kai nan ba. Saboda haka abin da ya rage wa mai rauni a wurinmu shi ne tsoron Allah da ke zuciyar maigidansa, da kuma idon jama'a. Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau mulki a 2023, ya taɓa shugabantar ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, ya san waɗannan dokoki fiye da mu, muna kuma fata a ga alamar wannan sani a wajen ma'aikatan da ba sa cikin takardar albashin gwamnati.

Mai shago zai ce, Malam, ni ma ɗin da ƙyar nake tsaye, kaya sun yi tsada, ambaliya ta cinye gona kamar yadda aka gani a 2020, ina zan samu abin biyan likita? Uzurinsa yana da fuska, kuma ba a kallafa wa kowa abin da ba shi da iko a kai. Sai dai mafi yawan abin da muke kira gare shi ba kuɗi yake ci ba. Kiran shaidu biyu a rubuta lada da wa'adi da abin sallama, rabin takarda ya isa. Barin yaro ya yi salla cikin natsuwa, ya ci abinci a zaune, ya samu yini guda ya je ya gaida mahaifiyarsa, ba ya karya jari. Sa direba biyu a doguwar tafiya ya fi sauƙi a kan motar da ta kife. Kame baki daga zagi kuwa kyauta ne. Wanda kuma ba zai iya biyan mutum uku ba, ya ɗauki biyu ya rage aikin, kada ya ɗauki biyu ya ɗora musu na huɗu.

A nan ya wajaba mu waiwayi masu makarantun Islamiyya da kwamitocin masallatai, domin su ma masu ɗaukar ma'aikata ne, ko da ba sa kallon kansu haka. Malami ya riƙe aji mai yara fiye da ƙima safe da yamma, a ba shi abin da ba zai sayi hatsin mako biyu ba, wani watan ma a ce ya yi haƙuri, in ya yi magana a ce ba shi da ihlasi. Ihlasi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ladan aikinsa kuwa bashi ne a kan wanda ya ɗauke shi. Kuma malamin da ƙunci ya cika wa ciki, a jikin yara yake saukewa da bulala.

Idan kuma abin ya riga ya auku, ma'aikaci ya fara nuna alamu, to a nan ne ake ganin kuskure mafi muni. Mun yi imani da samuwar aljanu da sihiri kamar yadda nassi ya tabbatar, kuma ruƙya ta Shari'a halal ce. Amma jingina kowace rikicewa ga iska ba tare da hujja ba magana ce ba da ilimi ba, kuma sau da yawa mafaka ce ga wanda ba ya son a dubi nasa hannun a cikin lamarin. Daga nan sai a faɗa hannun bokaye da masu turare, a ci dukiyar iyaye, a ɓata aƙida, ciwo kuwa yana ƙara zurfi. Wasu kuma sai a kai su gidajen mari. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ba, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, sa'an nan aka sami irinsa a Daura da Katsina a watan da ya biyo. Neman magani ba ya cin karo da addu'a, ana haɗa su. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, wannan gaskiya ne, amma mu mutanen wannan yanki muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Jihar Sakkwato, kuma likitan babban asibiti mafi kusa zai iya fara dubawa ya tura gaba. Ciwon damuwa yana jin magani, mutane da yawa sun warke sun koma sana'arsu. Abin da yake kan maigida shi ne ya kira yaron a keɓe ya saurare shi, ya rage masa aiki, ya sanar da waliyyinsa, ya taimaka da kuɗin mota da na magani gwargwadon hali, ya ajiye masa gurbinsa, kuma ya rufa masa asiri. Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan dako da na direbobi, waɗanda suke da ikon hana mutum lodi saboda kuɗin ƙungiya, suna da ikon tsayawa a kan wannan ma in sun so.

Alama guda ce ba ta karɓar jinkiri. Idan ma'aikaci ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara mutuwa da wannan rayuwa, ko ya fara rarraba 'yan kayansa yana neman gafarar mutane ba tafiya a gabansa, kada a ce wasa yake yi, kada kuma a rufe shi da faɗa a kan azabar wanda ya kashe kansa sa'an nan a tafi a bar shi. A tambaye shi kai tsaye cikin taushi, tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Kuma tun da a gonakin albasa da shinkafa da shagunan kayan noma maganin feshi da fiya-fiya da gubar ɓera suna ajiye ne a inda kowane yaro yake kwana, to maigida ya kulle su a ɗaki dabam, mabuɗin kuma ya kasance a aljihunsa.